Tulin duwatsun daji ba kabarin Samudawa ba ne

Tun muna yara a Damagaram muke jin cewa tulin duwatsun nan da ake gani in an nausa arewa, wajen Termit har Abzin, wai kaburburan Samudawa ne kuma akwai zinariya a ƙasa. Wanda ya ga girmansu dole ya yi tunanin haka.

Kaburbura ne kam, na mutanen da suka rayu tun kafin zuwan Musulunci, amma mutane ne irinmu. Girman tulin ba tsawon mamacin ba ne, galibi a kan gefen jikinsa ake kwantar da shi an naɗe ƙafafu, sai a jibga duwatsu saboda kura da dila, kuma don a gane wurin. Abin da masu bincike ke samu ƙasusuwa ne da fasassun tukwane da duwatsun wuya na ɓawon ƙwan jimina, ba zinariya. A Gobero, wani wuri cikin hamadar Tenere, akwai kaburburan da suka kai wajen shekara 10,000, da awon ƙashi aka gano shekarun.

In ka ci karo da ɗaya, duba yadda aka jera duwatsun da hannu, ka dubi ɓaraguzan tukwane a kewaye, ka tambayi malamin tarihi. Don Allah kar a tona, in an hargitsa ƙasar shikenan labarin ya ɓace.

Ku tura wa 'yan uwa, musamman makiyaya da direbobin hanyar Agadas.