Karanta wa ƙaramin yaro littafi mai babi-babi: tambayoyi da amsoshi

Ɗana shekararsa 5, bai ma iya haɗa baƙi ba. Ba a yi garaje ba in na soma karanta masa dogon littafi?

A'a. Kunnen yaro ya riga idonsa buɗewa nesa ba kusa ba. Yaron da bai iya "ba, bi, bu" ba zai saurari tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi tun daga "ga ta nan ga ta nanku" har "ƙurunƙus", gobe ya maimaita wa ƙaninsa har da tsamin bakin Gizo. Sai dai tatsuniya a dare ɗaya take ƙarewa. Littafi mai babi-babi kuwa kwana ake yi da shi: yaro ya kwanta da labarin a ransa, ya wuni yana tunanin abin da zai biyo baya. Wannan riƙon shi ne amfanin.

Da wane littafi zan fara?

In da Hausa ne, ni dai Magana Jari Ce na Abubakar Imam nake miƙa wa mutane, wanda aka fara bugawa a Zariya a 1937. Tsarinsa kamar don wannan aikin aka yi shi. A littafi na farko aku ne yake ba ɗan sarki Musa labari dare bayan dare, don ya hana shi fita. Kowane labari yana ƙarewa a zama ɗaya, amma zancen akun da Musa yana nan yana jiran gobe.

Shafi nawa a dare?

Bar ƙirga shafi. Minti 10 ko 15 bayan sallar isha'i ya isa.

To a ina zan tsaya?

Nan gwanintar take. Yawancinmu sai yaro ya fara hamma muke rufe littafi, alhali a lokacin labarin ya riga ya salance. Tsaya tun yana so, daidai inda aka buga sallama a ƙofar gida ba a san ko wane ne ba. Tsinken tsintsiya nake sa wa 'yata a shafin in rufe. Sai ta riƙe mini hannun riga: "Baba, don Allah shafi ɗaya kawai!" Wani lokaci in ƙara, galibi in ƙi. Washegari kafin in buɗe sai in ce, "Ina muka kwana jiya?" Ita za ta zayyano mini, wani sa'in har ta gyara mini inda na manta. Ko an ɗauke wuta ba ta yarda a ɗaga, da kanta take ɗauko fitilar caji.

Ba ya zama wuri ɗaya, sai mirgine-mirgine a tabarma. Yana ji kuwa?

Yana ji. Canza sunan wani a labarin da gangan ka ga yadda zai yi wuf ya kama ka.

Tsofaffin kalmomin da bai sani ba fa, irin su lifidi, sulke, zagi?

Kada ka mayar da hira darasi. In ya tambaya, faɗa masa a taƙaice, sulke rigar ƙarfe ce ta yaƙi, ka wuce. In bai tambaya ba, labarin zai koya masa. Wadda ta gagare ka kai ma, ku ajiye ta ku kai wa kakarsa, za ta ji daɗin an zo tambaya.

Zan iya tsallake wani wuri?

Ƙwarai. Tsofaffin littattafan nan ba don ɗan shekara 5 aka rubuta su ba, akwai kisa da duka da abin tsoro a wasu wurare. Leƙa babin da rana kafin dare ya yi, ka san inda za ka taƙaita.

Ni ban yi boko ba, mahaifiyarsa ma haka.

A ba yayarsa ko wansa da ke ƙaramar sakandare ya riƙa karantawa, ku kuma ku zauna a saurara tare. Ku ne za ku ce "ya isa haka, sai gobe", ku karɓi littafin ku ɗora bisa kabad.