Shin gwamnatin Sin ce ke dafa gishiri da kanta?

An daɗe ana cewa a tsohuwar ƙasar Sin gwamnati ce ke dafa gishiri, ta kuma sayar wa jama'a da hannunta. Ba a kowane zamani tsarin yake haka ba. A daular Tang, tun daga shekarar 758, iyalan da aka yi wa rajista ne ke dafa ruwan teku, kuma doka ta tilasta musu miƙa gishirin duka ga hukuma a farashin da ta yanke. Bayan gyaran da Liu Yan, wani babban jami'in kuɗi na daular, ya yi, hukuma kan sayar wa fatake da tsada, su kai kasuwanni. Mai son tabbatarwa ya duba babin tattalin arziki a littattafan tarihin daular. Don Allah a yaɗa wannan bayani.