Aska da Dutsen Washi: Tambayoyi da Amsoshi Kan Tsafta da Ajiya

Askar da ake nufi a nan ita ce mai naɗewa, wadda ƙarfenta ke shigewa cikin ƙota idan an gama aiki, ba reza mai canjin baki ba. Irin wannan aska tana da tsawon rai. Akwai waɗanda aka ƙera a birnin Sheffield na Ingila tun ƙarni na 19, kuma har gobe ana aski da su. Yawancin waɗanda suka lalace kuwa, abu biyu ne ya ci su: ruwan da aka bari a jikinsu, da dutsen da bai miƙe ba.

Na gama aski. Me zan yi wa askar kafin in ajiye ta?

Ka ɗauraye ta da ruwa mai ɗumi, ƙarfen yana kallon ƙasa, don kada ruwa ya gangara zuwa ƙusar da ta haɗa shi da ƙota. Wannan mahaɗa ita ce maɓoyar tsatsa. Wuri ne matsattse, tsumma ba ya shiga, iska ma da ƙyar, sai ruwa ya kwana a ciki yana ta cin ƙarfe ba ka sani ba. Masu taka-tsantsan ma ba sa tara askar a famfo ko kaɗan, sai dai su riƙa share kumfa da jiƙaƙƙen tawul.

Bayan ɗauraya sai gogewa. Ka ɗora tsumma mai laushi daga bayan askar, ka jawo zuwa wajen baki, kada ka bi tsawon kaifin da yatsa a ƙarƙashin tsumma. Ka naɗe takarda mai shan ruwa ka zura tsakanin ɓangarorin ƙota biyu, domin ɗigo ɗaya da ya maƙale a nan zai koma jikin ƙarfe da zarar ka naɗe ta. Sannan ka ja ta a fata, wato tsirin fatar da ake goge kaifin aska a kai, sau goma ko makamancin haka, wannan yana kwashe ɗan danshin da ya rage a kan kaifin. Ka bar ta a buɗe na ɗan lokaci inda hannun yaro ba ya kaiwa, ta sha iska.

Banɗaki ba wurin ajiyar aska ba ne, ko da kuwa a can kake aski. Tururin wanka kaɗai ya ishe ta. Haka ma kuben fata: yana da kyau don tafiya, amma fata na riƙe laima, kada ta daɗe a ciki.

Idan kuma ta suɓuce maka, ka janye ƙafa ka bar ta ta faɗi. Giɓi a bakin aska yana gyaruwa a dutse.

Me ya sa tawa ke saurin tsatsa, ta wani kuma ba ta yi?

Ƙarfen ne ya bambanta. Yawancin askake, tsofaffi da na maƙeran Solingen a Jamus da Thiers a Faransa, da ƙarfe mai sinadarin kabon ake yin su. Yana ɗaukar kaifi sosai, yana da sauƙin washi, amma ba ya shiri da ruwa. Ɗaya nau'in shi ne wanda aka gauraya da sinadarin kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin 100, wanda ke yi masa wata siririyar riga da ke tare tsatsa. Shi ma idan aka matsa masa da sakaci yakan yi tabo.

Maganin dai mai ne. In kullum kake aski kuma ɗakinka busasshe ne, busarwa ta wadatar. In za ta kwana biyu ba a taɓa ta ba, ko ana cikin yanayin laima, ka shafa mata ɗan mai marar nauyi, irin wanda ake ɗiga wa keken ɗinki, ko man 'ya'yan bishiyar kameliya da maƙeran Japan ke shafa wa kayan aikinsu. Ɗigo ɗaya a jiki, ɗaya a ƙusa. Man girki kuwa ka kiyaye shi, yana yin yauƙi ya daskare, ya bar danƙo mai wari a mahaɗa.

Tsatsar ta riga ta kama. An rasa askar ke nan?

Ya danganta da inda ta kama da kuma zurfinta. Jan tabo na sama-sama yakan fita da man goge ƙarfe irin su Autosol da tsumma. Idan ta ci rami a tsakiyar ƙarfen, muni ne kawai, aski ba ruwansa. Wadda ta ci bakin kaifi ita ce matsala, don dole a wasa har a wuce ramin a iske lafiyayyen ƙarfe, wani lokacin kuma sai ka tarar ramin ya yi nisa.

Akwai wata tsatsa da masu sayen tsofaffin askake ya kamata su sani. Ƙotar da yawa daga cikinsu ta wata tsohuwar roba ce mai suna seluloyid, wadda idan ta fara ruɓewa take fitar da iska mai asid. Alamarta ita ce ka ga tsatsa ta bi daidai sashen ƙarfen da ke kwana cikin ƙota, sauran kuma fes. Wannan tsatsar kam, mai ba ya maganinta. Sai an cire ƙotar an sa wata, kuma a raba askar da 'yan uwanta, don iskar tana kama na kusa.

Don kashe ƙwayoyin cuta, in tafasa ta ne ko in gasa bakin a wuta?

Ko ɗaya. Wuta tana zare taurin da maƙeri ya ba ƙarfen. Kaifin aska siriri ne ƙwarai, cikin ƙiftawar ido yake ɗaukar zafi, kuma idan ka ga ya koma shuɗi to ya yi laushi ke nan, ba zai ƙara riƙe kaifi ba. Tafasa tana lanƙwasa ƙota, musamman ta ƙaho ko roba. Bilic kuma yana cin ƙarfe.

Abin da ya dace shi ne wanki da sabulu tukuna, sannan a goge da sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin 100, a bari ya bushe, a shafa mai. Wannan ga askar mutum ɗaya ke nan, ko tsohuwar da ka sayo. Amma yin tarayya a aska ɗaya, ko da ɗan'uwa ne, ba shi da amfani. Ƙwayar cutar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa aƙalla kwana 7 a cikin busasshen jini, kuma jinin da ido bai gani ba ma ya isa. Saboda haka ne shagunan aski a ƙasashe da dama suka koma ga aska mai ɗaukar rabin reza, a jefar bayan kowane kai.

Mene ne bambancin aikin fata da na dutse?

Dutse yana cin ƙarfe ya fitar da sabon kaifi. Fata tana miƙar da kaifin da ya ɗan kwanta ne ta goge shi, kusan ba ta rage komai. Don haka fata kafin kowane aski, dutse kuma sai bayan watanni, lokacin da ka ji askar ta fara jan gashi duk da ka ja ta a fata. Sabbin shiga sun fi kowa son dutse, abu kaɗan sai washi, har su siɗe bayan askar ya baje.

Tafiyar ma ta saɓa. A dutse baki ne ke gaba, kamar za ka fere dutsen. A fata baya ne ke gaba, baki na biye, in ba haka ba ka yanka fatar. A duka biyun askar tana kwance ne, baya da baki suna taɓawa tare, domin kaurin bayan shi ke tsayar da kusurwar kaifi. In za ka juya, ka mirgina ta a kan bayanta.

Waɗannan lambobi da ke jikin duwatsu fa?

Girman lamba, laushin dutse. Mai 1000 na kafa kaifi ne ko cire ƙaramin giɓi, 4000 na share zanen da ya bari, 8000 zuwa 12000 na ƙarasawa. Wanda askarsa ke da lafiya dutsen ƙarshe kawai yake bukata. Duwatsun da aka haƙo daga ƙasa ba su da lamba ta haƙiƙa, kowane da halinsa: Coticule mai ruwan ɗorawa daga yankin Ardennes na Beljiyam, wanda ƙananan ƙwayoyin wani ma'adini mai tauri, ganet, da ke cikinsa ke yin yankan, da dutsen jihar Arkansas ta Amurka, da na tsaunukan kewayen Kyoto a Japan.

Ruwa ake sa wa dutse ko mai?

Ka bi abin da aka yi dutsen dominsa. Na Arkansas da mai aka saba aiki da shi. Na Japan da Coticule ruwa ne, kuma idan dutsen ruwa mai ƙofofi ya sha mai, da wuya ya dawo daidai.

A cikin na ruwan ma akwai iri biyu. Wasu sai an jiƙa su minti 5 zuwa 10, har kumfar iska ta daina tasowa. Wasu yayyafi kawai suke so, kuma barin su cikin ruwa na sa su laushi ko su yi ƙananan tsage-tsage. Na haƙowa kada ka jiƙa su, don ruwa na bin jijiyoyin dutse ya raba shi.

Dutsena ya yi baƙi, ya yi santsi, ba ya ci. Me ya faru?

Garin ƙarfe ne ya toshe shi. Na ruwa, ka goga masa ɗan ƙaramin dutsen nan da Japanawa ke kira nagura a ƙarƙashin ruwa. Na mai, ka zuba sabon mai ko kananzir ka cuɗa da burushi mai tauri, ka share.

Yaya zan gane cewa dutsen ya yi kwari, kuma yaya ake miƙar da shi?

Nan ne mutane suka fi yin sake. Tsakiyar dutse ta fi gefe shan aiki, a hankali sai ta lotsa, kuma ido ba ya gani sai abin ya yi nisa. Wuƙa tana iya haƙuri da irin wannan dutse tunda hannu ne ke riƙe kusurwarta. Aska kuwa a kwance take tafiya, duk karkatar da ke dutsen sai ta kwashe ta, wani sashen bakin ya wasu, wani ko taɓa dutse bai yi ba. Sai mutum ya yi ta zargin askar.

Gwajin ba wuya. Ka zana layuka a tsaye da a kwance da fensir a duk fuskar dutsen. Ka shimfiɗa samfefa mai jure ruwa a kan gilashi mai kauri, ko ka samu farantin daimon, wato shimfiɗaɗɗen ƙarfe da aka manna wa garin lu'u-lu'u, ka jiƙa, ka kifa dutsen ka riƙa gogawa ba tare da dannawa ba, kana juya shi lokaci-lokaci. Inda fensir ya fara gogewa nan ne tudu, inda ya rage nan ne kwari. Ka ci gaba har zanen ya ɓace gaba ɗaya. Daga nan ka ɗan kashe kaifin gefunan dutsen, don gefe mai kaifi na iya ɓantare bakin aska, sannan ka ɗauraye sosai, saboda ƙwayar samfefa ɗaya da ta maƙale a dutsen 12000 ta isa ta ɓata aikin awa guda. Sabon dutse ma a yi masa haka kafin aska ta hau shi. Ba duka ke fitowa daga masana'anta a miƙe ba.

Dutsen aska kuma a bar shi na aska. Wuƙa da kurfi suna yi masa rami da wuri.

A ina zan shanya shi?

A inuwa, a jingine ta yadda iska za ta ratsa ko'ina. Rana, bakin wuta da na'urar busar da gashi duk suna busar da waje su bar ciki a jiƙe, daga nan sai tsagewa. A ƙasashe masu tsananin sanyi kuma, ruwan da ke cikin dutse idan ya daskare yana fasa shi. Mai shan ruwa yakan ɗauki kwana biyu ko fiye kafin ya bushe har ciki, kuma sai ya bushe ɗin za a mayar da shi akwatinsa, in ba haka ba ya yi fumfuna.