Waiwaye: Yadda ƙwai 20 suka zama kamfanin talotalo

Duk mai kiwon talotalo a Zariya ya san lokacinsa. Disamba na kamawa masu saye su fara leƙowa daga Sabon Gari, Samaru da Wusasa, farashi ya ɗaga. Kirsimeti da sabuwar shekara na wucewa kasuwa ta kwanta, wanda bai sayar ba ya ci gaba da zuba masara da dusa a cikin tsuntsun da bai san ƙoshi ba. Irin wannan kasuwa wani Bature ya tarar a Ingila sama da shekara 70 da suka wuce, kuma a kanta ya gina kamfani.

Sunansa Bernard Matthews, mutumin yankin Norfolk. A 1950 ya sayi ƙwan talotalo 20 da tsohon injin ƙyanƙyasa, 12 suka fito. A 1955 ya sayi wani katafaren tsohon gida mai suna Great Witchingham Hall kan fam 3,000. Shi da matarsa suka takure a 'yan ɗakuna, ragowar gidan ya koma na tsuntsaye: nan ake ƙyanƙyasa, can ake raino, a madafa ake yanka. Wanda ya taɓa ba 'yan tsaki ɗakin baƙi a Tudun Wada saboda sanyin hunturu ba zai ga abin dariya a nan ba.

A ganina yawan tsuntsaye bai kai wayonsa muhimmanci ba. A lokacin talotalo naman Kirsimeti ne, na masu hali. Sai ya fara sayar da shi a fige, a gyare, a daskare, uwargida ta ɗauka kawai ta gasa. Daga baya ya daina dogara da tsuntsu sukutum. Aka riƙa zare ƙashi, a naɗe tsokar, a yanyanka ta falle-falle, a niƙa ragowar a sarrafa, har naman ya shiga kantuna da abincin 'yan makaranta kowane wata na shekara. A 1971 kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari, a 1980 kuma shi da kansa ya fara fitowa a tallan talabijin.

Girman bai zo shi kaɗai ba. A 2005 shahararren mai girki Jamie Oliver ya caccaki wani sarrafaffen naman kamfanin da ake ba ɗalibai, Turkey Twizzlers, sunan kamfanin ya ɓaci. A Fabrairun 2007 murar tsuntsaye nau'in H5N1 ta ɓulla a gonarsa ta Holton da ke Suffolk, aka hallaka talotalo kusan 160,000. Mu nan ba baƙuwar cuta ba ce. Shekara guda kafin nan, a Fabrairun 2006, a wata gona da ke Jaji, kan hanyarmu ta zuwa Kaduna, aka fara tabbatar da ita a duk nahiyar Afirka. Matthews ya rasu a 2010, a 2016 kuma kamfanin ya koma hannun ɗan kasuwa Ranjit Boparan bayan shekaru na asara.

A gida, tun farkon shekarun 2000 gwamnati ta hana shigo da daskararren naman kaji da talotalo, amma fukafukin talotalon da ake ci a gidajen abinci bai daina tsallako iyakar Jamhuriyar Benin ba. Wato masu ci suna nan duk shekara. Ilimin kiwo ma muna da shi a kusa, tunda cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika ce ta samar da kazar ƙwai ta ShikaBrown. Inda aka tsaya shi ne tsakanin wuƙa da firji: mayanka mai tsafta, ɗakin sanyi, da wutar da za ta riƙe shi. Shi ya sa har yau talotalon Zariya da ƙafarsa yake zuwa kasuwa, a Disamba.