Ƙara wa AC ɗin mota gas a gida: tambayoyi da amsoshi

AC ɗina ya daina sanyi. Gas ne ya ƙare?

Ba lallai ba ne. Gas ɗin AC ba ya ƙonewa kamar fetur, zagayawa yake yi a cikin bututu rufaffe. In ya ragu sosai, to akwai inda yake zurarewa. Sannan ka lura da lokacin da sanyin ke ɗaukewa. In yana sanyi kana gudu a gadar Third Mainland, amma da ka shiga gosulo a Oshodi sai iska mai ɗumi, fara duba fankar gaba da kwandensa, wato abin da ke gaban lagireto mai fitar da zafin gas, wataƙila ƙura ce ta toshe shi.

Wane gas zan saya?

Ɗaga bonet, akwai 'yar takarda manne da ke nuna nau'in gas da nauyinsa da giram. Yawancin tokunbo da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 1990 R-134a suke sha, sababbi da yawa kuma R-1234yf. Ba a haɗa su. Don Allah kada wani ya lallaɓe ka ya zuba maka R-22 na AC ɗin ɗaki, ko R-600a na firji, wanda yake kama wuta. In Ladipo za ka, wato kasuwar kayan gyaran mota ta Legas, sayi gwangwani mai hatimi a shagon da ka sani, domin jabu na yawo.

Yaya ake ƙarawa?

Tayar da injin, ka ƙure sanyi da fanka. Nemi baki mai murfi da alamar L a jikin bututu mai kauri, nan ake maƙala tiyon gwangwanin gas. Kada ka kusanci mai alamar H, matsin can zai iya fasa gwangwani a hannunka. Riƙe gwangwanin a tsaye, kana saki kaɗan-kaɗan kana kallon geji, wato agogon da ke nuna matsin gas. Sa safar hannu da tabarau, domin R-134a yana tafasa ne a wajen digiri 26 ƙasa da sifili, ya taɓa fata sai ta daskare. Kuma kada ka ce bari in ƙara don ya fi sanyi. In ya yi yawa sanyin raguwa yake yi, kwamfreso, wato famfon da ke zagayawa da gas, kuma ya wahala, shi ne kuwa mai tsadar.

Yaushe zan haƙura in kai wa bakanike?

In geji ya nuna babu komai, ko ka ga danshin mai ya kama ƙura a mahaɗar bututu, ko ka shafa kumfar sabulu ka ga tana tasowa, alamar gas na fita. Nan aikin gida ya ƙare. Bututun da ya zama fanko ya riga ya shaƙi iskar Legas mai laima, kuma laima in ta gauraya da man kwamfreso tana cin ƙarfe daga ciki. Sai an toshe ɓular, an zuƙe iskar da injin zuƙa, sannan a auna gas a sikeli. Bakaniken da ya ɗauko gwangwani bai tambaye ka yaushe aka yi cikon baya ba, ka ce masa ya fara nemo inda yake yoyo.