Me ake nufi da "walwalar dabbobin gwaji"?

Da wuya mutum ya sha ƙwayar magani ko a yi masa allurar rigakafi ba tare da wata dabba ta riga shi karɓa ba. Wannan shi ne gwaji a kan dabbobi: amfani da dabba mai rai a ɗakin bincike don a gano yadda magani ko sinadari yake aiki a jiki, ko yadda cuta take shiga ta yi ɓarna. Mafi yawansu ɓeraye ne, sai kifi da tsuntsaye da zomaye, sannan karnuka da birai 'yan kaɗan. A Birtaniya kaɗai an yi irin wannan gwaji kusan sau miliyan 2.7 a shekarar 2023.

Ba don mugunta aka wajabta shi ba. A 1937 wani maganin ruwa da aka fitar kasuwa a Amurka ba tare da an gwada gubarsa ba ya kashe mutane sama da 100, da yawansu yara. Shekara ɗaya bayan haka aka kafa dokar tabbatar da lafiyar magani kafin a sayar da shi. Sinadarin insulin da masu ciwon suga suke rayuwa da shi kuwa, a jikin karnuka aka gano amfaninsa a Toronto ta Kanada a 1921.

To ina walwala ta shigo? Kalmar tana iya ruɗa mutum, ya zaci dabbar tana cikin jin daɗi. A bakin masu bincike, walwala na nufin nauyin da ke kan wanda ya riƙe dabbar: kada ya yi amfani da ita in akwai wata hanya, kada ya wuce adadin da ake buƙata, kada kuma ta sha wahalar da za a iya kauce mata. Masana biyu 'yan Birtaniya, William Russell da Rex Burch, su suka tsara waɗannan sharuɗɗa uku a 1959: maye gurbi, ragewa, da sassautawa.

Maye gurbi shi ne a yi gwajin da ƙwayoyin halittar ɗan Adam da aka raina a kwano, ko da lissafin kwamfuta. A 2010 masana a jami'ar Harvard sun ƙera wata 'yar na'ura da ba ta fi ɗan yatsa ba, aka shimfiɗa mata ƙwayoyin huhun mutum, tana miƙewa tana tsukewa kamar mai numfashi. Ragewa kuma aikin lissafi ne. Tun 1927 ake wani gwaji na ɗura wa tarin dabbobi sinadari har sai an gano adadin da zai kashe rabinsu. OECD, ƙungiyar haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki da ci gaba, ta soke tsohon salon nan daga ƙa'idojinta na gwaji a 2002, aka koma hanyoyin da ba su cin rayuka da yawa.

Sassautawa ita ce ta fi taɓa min rai, domin a nan ake ganin dabbar ido da ido. Ɗauki yadda ake kama ɓera. Shekara da shekaru ana ɗaga shi ta wutsiya, yana lilo yana fitsari don tsoro, kamar shaho ne ya sure shi. Binciken da aka yi a jami'ar Liverpool a 2010 ya nuna cewa in aka bar shi ya shiga wani ɗan bututu aka ɗauke shi a ciki, ko aka tallabe shi a tafin hannu, hankalinsa yakan kwanta, har ya riƙa matsowa wajen hannun da kansa. A shekarar ce kuma masana a jami'ar McGill ta Kanada suka fitar da ma'aunin karanta ciwo a fuskar ɓera: ido ya tsuke, hanci da kumatu su kumbura, kunnuwa su kwanta baya, gashin baki ya sauya tsayuwa. Ɓera dabba ce da ake farauta, don haka ɓoye ciwo ɗabi'arsa ce. Wanda bai koyi kallon fuskar nan ba zai wuce kejin ya rubuta "lafiya lau". Haka nan akwai maganin kashe zafi bayan tiyata, da kayan yin sheƙa a keji, da barin su tare da 'yan uwansu, da tsayar da iyakar da za a dakatar da gwaji tun kafin dabba ta galabaita. Kuma abin ya shafi ingancin binciken kansa, saboda tsoro yana sauya bugun zuciya da sinadaran jini, sakamakon ya gurɓata.

Dokoki sun sha bamban. Birtaniya ta yi tata tun 1876. Tarayyar Turai ta hana sayar da kayan kwalliyar da aka gwada a kan dabbobi daga 2013, wanda ya rufe ƙofar ɗiga sinadari a idon zomo saboda man shafawa. Dokar walwalar dabbobi ta Amurka ta 1966 kuwa ba ta lissafa ɓerayen da aka haifa don gwaji a cikin "dabbobi" ba, duk da su ne mafi rinjaye. Kariyarsu ta rataya ne a kan ƙa'idojin masu ba da kuɗin bincike da kwamitocin cibiyoyi. Wannan giɓi ne babba a ganina.

Jikin ɓera kuma ba jikin mutum ba ne. Cikin magunguna goma da suka tsallake gwajin dabbobi suka kai ga gwaji a kan mutane, kusan tara ba sa samun amincewa. Wannan na cikin dalilan da suka sa a Disamban 2022 Amurka ta cire sharaɗin dole na gwada sabon magani a kan dabbobi, ta ba FDA, hukumarta ta kula da abinci da magunguna, damar karɓar hujja daga sababbin hanyoyi in sun tabbata.