Kasuwannin mako-mako na jihar Maraɗi

Kasuwannin mako-mako na jihar Maraɗi su ne kasuwannin da ke ci rana ɗaya, wasu kuma rana biyu, a kowane mako, a garuruwa da ƙauyukan jihar da ke tsakiyar kudancin Jamhuriyar Nijar. A cikinsu ne manomi ke kawo hatsinsa, makiyayi ke kawo bisashensa, matan karkara kuma ke kawo man gyaɗa, daddawa, ganye da nono, su sayar su sayi abin da gona da garke ba su bayarwa. Akasarin mutanen jihar, waɗanda ƙidayar 2012 ta nuna sun haura miliyan 3.4, manoma ne da makiyaya, don haka a waɗannan kasuwanni ne ake yanke wa wahalar shekara guda farashi.

Inda suke da yadda suke zagayawa

Jihar Maraɗi tana da gundumomi takwas: Agye, Bermo, Dakwaro, Gazawa, Gidan Runji, Madarunfa, Mayahi da Tasawa, ban da birnin Maraɗi kansa. Kudancinta ƙasar noma ce mai samun ruwan sama kimanin milimita 600 a shekara mai kyau. Arewacinta, daga Dakwaro zuwa Bermo, ruwan yana raguwa har ƙasar ta koma ta kiwo. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin cinikin: hatsi da ganye suna hawa arewa, dabbobi da nono da cuku suna gangarowa kudu.

Garuruwan da ke maƙwabtaka ba su cika haɗa ranar kasuwa ba. An rarraba ranakun ta yadda ɗan kasuwa zai ci wannan yau, gobe ya ci waccan, jibi ya kai abin da ya tara babbar kasuwa. Babbar kasuwar birnin Maraɗi kullum a buɗe take, amma Litinin da Juma'a ne ranakun da ƙauyuka ke shigowa ta cika ta batse. Tsallaken iyaka kuma akwai kasuwar Jibiya ta jihar Katsina, mai ci ranar Lahadi, wadda ƴan kasuwar Maraɗi ke lissafawa cikin zagayensu tamkar tasu, suna bi ta Ɗan Isa.

Tarihi

Bayan da jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya ci Katsina a wajajen 1807, sarakunan Haɓe da magoya bayansu suka yi arewa, suka kafa sabuwar hedikwata a Maraɗi a wajajen 1819 ƙarƙashin Ɗan Kasawa. Gobirawa ma suka kafa Tsibiri kusa da nan a 1836. Tsawon ƙarni na 19 yankin ya fi shahara da yaƙi a kan fatauci, domin manyan hanyoyin ayari ta Kano, Katsina da Damagaram suke bi.

Gyaɗa ce ta sauya wannan. A zamanin mulkin Faransa kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna a Maraɗi suna sayen gyaɗa ta hannun ƴan kasuwar gari, su kuma suna bin kasuwannin ƙauye da ma'auni da buhuna. A 1945 ambaliyar Gulbin Maraɗi ta rushe tsohon garin da ke cikin kwari, aka tayar da shi zuwa tudu, aka yanka sabbin unguwanni da filin kasuwa. Bayan samun ƴancin kai gwamnati ta kafa kamfanin SONARA a 1962 don ya riƙe cinikin gyaɗa. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970, tare da cutar da ta faɗa wa gyaɗar, ya karya wannan sana'a. Manoma suka karkata ga wake da aya da riɗi, manyan ƴan kasuwa kuma, waɗanda aka fi sani da Alhazan Maraɗi, suka mayar da jarinsu ga hatsi da safarar kaya zuwa Najeriya. Hanyoyin da aka shimfiɗa don tara gyaɗa, daga ƙauye zuwa ɗan awo zuwa ɗan sari zuwa uban gida a birni, su ne har yau hatsi da wake ke bi.

Kayan da ake kawowa

Hatsi, wato gero, shi ne kan gaba, sai dawa da wake. Ana kawo gyaɗa da ƙwanso da kuma ɓararra, da riɗi, gurjiya da zoɓo. Aya tana da matsayi na musamman, don Maraɗi ce jihar da ta fi kowace noma ta a Nijar, kuma yawancinta Najeriya ake kaiwa. Daga fadamun gulbi, musamman Jiratawa, Madarunfa da Tsibiri, ake samun zogale, tumatir, tattasai, kabeji, salati da karas, waɗanda ke cika kasuwa a lokacin sanyi. Tabkin Madarunfa yana ba da kifi.

Wasu kayan daga nesa suke zuwa: albasar Galmi daga jihar Tawa, jan tattasai daga Difa, dabino, gishiri da kanwa daga yankunan Kawar da Manga, dankalin Turawa daga duwatsun Abzin. Najeriya kuwa ita ke turo doya, garin rogo, manja, rake, goro, masara, atamfa, robobi da takin zamani.

Kasuwar dabbobi, wato kara, galibi a gefe take da filinta. Nan ake ganin jar akuyar Maraɗi, wadda ta yi suna saboda yawan haihuwa, nono da kuma ingancin fatarta da majema ke nema, tare da tumaki balami da uda, shanu, raƙuma da jakuna. Kafin babbar salla kara kan fi sauran kasuwar cika.

Awo da lissafin kuɗi

Ma'aunin hatsi shi ne tiya, kwano ne da ke ɗaukar kimanin kilo biyu da rabi na gero, ta yadda buhu mai kilo 100 ke cin kusan tiya 40. Sai dai tiya ba a shafe ta ake aunawa ba. Mai awo yana cika ta har ta yi tozo, ya tare gefe da tafin hannu ko da damtse, sannan ya juye. Yawan abin da hannun ya tare shi ne ribar da ba a faɗa. Idan ɗan awo yana saye daga manomi, tozon kan yi tsayi, hannun ya buɗe; idan yana sayarwa, sai hannun ya tsuke. Akwai kuma masu ajiye kwano biyu, wanda aka bubbuga gindinsa ya zurfafa don saye, da wanda aka tura gindinsa ciki don sayarwa. Malamai sun daɗe suna wa'azi a kan tauye mudu, kuma da dalili, domin wanda ake cuta a nan shi ne mafi rauni a kasuwar: matar da ta ɗauko tiya uku a ka daga ƙauye don ta sayi sabulu da maganin yaro.

Da dala ake ƙirga kuɗi, dala ɗaya kuwa tamma biyar ce ta sefa. Tamma 100 dala ashirin ke nan, tamma 500 dala ɗari, tamma 1,000 kuma jikka guda. Baƙon da ya saba da lambar da ke rubuce a jikin takarda yakan rikice a ranar farko. A kasuwannin da ke bakin iyaka naira da sefa tare suke yawo, kuma ƴan canji suna zaune da damman kuɗi a bakin tasha.

Ciniki yana da ƙa'idarsa. Sai an yi sallama an gaisa kafin a tambayi kuɗin kaya. Mai saye ya ce, "Inna, nawa tiya?" Ta faɗa, ya taya. In tayin bai kai ba ta ce "Albarka", wanda ba kora ba ce, gayyata ce a ƙara. In ya kai ta ce "Kawo kuɗi" ko "Na sallama". Bayan an gama awo sai mai saye ya ce "A yi mini gyara", ta ɗebo ɗan hannu ta ƙara masa. Wanda ya taya aka sallama masa sannan ya fasa, ya yi abin kunya.

Masu riƙe da kasuwa

Kowace kasuwa tana da sarkin kasuwa da ke raba wurin zama da sasanta rigima, mahauta kuma suna ƙarƙashin sarkin fawa. Ma'aikatan ƙaramar hukuma ne ke yanka tikiti, kuma harajin kasuwa na daga cikin manyan hanyoyin samun kuɗin ƙananan hukumomi da yawa na karkara. Akwai ƴan dako, masu amalanken shanu da na jaki, ƴan kabu-kabu, da ƴan kamasho masu haɗa kaya da mota.

A kara, dillali ne komai. Makiyayi ba ya sayar da dabbarsa da kansa. Yana sauka wurin dillalinsa, wanda sau da yawa shi ne mai masaukinsa kuma wataƙila ubansa ma wurin uban dillalin yake sauka. Dillali ne ke riƙe igiya, shi ke karɓar tayi, shi ke komawa gefe ya yi raɗa da mai dabba, kuma shi ne shaidar cewa dabbar ba ta sata ba ce. In daga baya aka zo cigiya, shi za a kama. Ladansa shi ne la'ada. Ana yawan zargin dillalai da ɓoye ainihin kuɗin da aka sayar, zargin kuma ba kullum yake ƙarya ba, amma ba don lamunin da suke tsayawa ba, da wuya baƙo ya miƙa jikkuna ɗaruruwa ga mutumin da bai taɓa gani ba.

Akwai kuma masu tare hanya tun kafin a iso kasuwa, su saye kaya daga hannun manomi bai san farashin ranar ba. Fiƙihun Musulunci ya hana wannan, amma ana yi.

Abinci

Ranar kasuwa ranar samun kuɗin mata ce. Tun da hantsi ake jera kaskon waina da ƙosai da awara, ga tuwo, shinkafa da wake, dambu, da kwaɗon zogale da aka haɗa da ƙuliƙuli. Matan Fulani suna zaune da ƙoren fura da nono da man shanu. Mahauta suna gasa tsire da balangu, ana sayar da kilishi, dakuwa, soyayyar fara da kunun aya. Matan aure da ba su fita suna aiko ƴaƴansu mata da talla, abin da ke sa azuzuwan makarantun ƙauye su rage cika a ranar.

Farashi tsakanin kaka da damana

A nan ne kasuwar ke nuna ainihin halin da manomi yake ciki. Da kaka, wajen Oktoba zuwa Disamba, kowa na da hatsi kuma kowa na buƙatar kuɗi: ga bashin damana, ga aure da suna, ga tufafin iyali. Hatsi ya yi yawa a kasuwa, farashi ya faɗi, ƴan sari su saye su cika ɗakunan ajiya. Daga bazara zuwa tsakiyar damana rumbu ya ƙare, sai manomin nan ya dawo kasuwa ya sayi irin hatsin da ya sayar, da tsada. Wanda ba shi da kuɗi ya ci bashin buhu a biya da kaka, ko ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wani a daidai lokacin da tasa ke neman noma. A wannan lokaci kuma dabbobi sun rame, kuɗinsu ya faɗi, akuyar da za ta sayi buhu da kaka ba ta kai rabinsa.

Shekarar 2005 ta nuna iyakar abin. Bayan ƙarancin ruwa da farin ɗango na 2004, Maraɗi, wadda ake kira rumbun ƙasa, ta kasance cikin jihohin da yara suka fi fama da tamowa, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta karɓi dubbansu a cibiyoyinta. Hatsi bai ɓace daga kasuwa ba a shekarar. Yana nan jibge, kuɗinsa ne ya fi ƙarfin talaka, wani ɓangare saboda farashi ya tashi a arewacin Najeriya ya ja kayan can.

An gwada magunguna iri-iri. Hukumar OPVN, wadda aka kafa a 1970, tana ajiye hatsi ta sayar da rahusa lokacin tsanani. Ƙauyuka da dama suna da bankunan cimaka. Akwai kuma tsarin jinginar amfanin gona, inda ƙungiyar manoma ke kulle hatsinta a ɗaki da kaka, ta karɓi bashi a kansa, ta buɗe bayan farashi ya tashi. Tsari ne mai ma'ana, sai dai bai kai ga yawancin manoma ba. Hukumar SIMA tana bin farashin kasuwanni ana sanarwa a rediyo. Wayar salula ma ta yi tasiri: binciken masaniyar tattalin arziki Jenny Aker a kan kasuwannin hatsin Nijar daga 2001 zuwa 2006 ya nuna cewa zuwan waya ya rage tazarar farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Wayar ta daidaita kasuwa da kasuwa, amma ba ta daidaita kaka da damana ba.

Iyaka da tsaro

Birnin Maraɗi bai kai kilomita 50 daga iyakar Najeriya ba, kuma wake, aya, riɗi da dabbobin jihar galibi Katsina da kasuwar Dawanau ta Kano suke nufa. Saboda haka darajar naira tana taɓa kowace rumfa: in ta faɗi, kayan Najeriya su yi araha, amma mai rago da mai wake su rasa masu saye da daraja. Rufe iyaka ma haka. An rufe ta daga 1984 zuwa 1986, an sake daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa farkon 2024. Kowane karo kaya ba su daina ƙetarawa ba, sai dai ta hanyoyin daji, a kan babura, da ƙarin kuɗin da mai saye ke biya.

A ƴan shekarun nan ƴan bindiga masu satar shanu da garkuwa da mutane sun addabi ƙauyukan Madarunfa da Gidan Runji da ke bakin iyaka, kuma tun 2019 dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suka shigo jihar. A 2021 gwamnatin Katsina ta dakatar da cinikin dabbobi a wasu kasuwanninta, har da ta Jibiya, abin da ya taɓa makiyayan Maraɗi kai tsaye. Mutanen wasu ƙauyukan sun koma tashi daga kasuwa tun la'asar don kada dare ya same su a hanya da kuɗi a aljihu. A watan Fabrairun 2021 ne kuma aka aza harsashin layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai bi ta Daura, Katsina da Jibiya.